Hajiya Ta Faɗi Sau Biyu: Tsufa Ne Kawai?

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekarunta 74. Daga ƙaramar salla zuwa yanzu ta faɗi sau biyu, sau ɗaya a banɗaki, sau ɗaya da asuba tana saukowa daga gado. Ba ta ji ciwo ba, wai tsufa ne kawai. Yayana ya ce a hana ta zirga-zirga. Mene ne abin yi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, faɗuwa biyu cikin shekara guda ta isa a kai ta asibiti ko da babu rauni, domin wanda ya taɓa faɗuwa shi ya fi saurin sake faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 abin ya fi shafa.

Ga gwajin da muke yi, ke ma za ki iya a tsakar gida. Ta zauna kan kujera mai hannu, ki auna mita 3 ki ja layi. Ta miƙe, ta je layin da tafiyarta ta kullum, ta juyo, ta zauna. In ta kai daƙiƙa 12 ko fiye, akwai haɗari. Sannan ta sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsu, a ga ko za ta tsaya daƙiƙa 10. Ki tsaya dab da ita, kada garin gwaji a yi ta uku.

Ni faɗuwar asubar nan ce ta fi tsaya mini a rai. Dattawa da yawa jininsu kan sauka in sun miƙe farat ɗaya, sai jiri ya ɗebe su, musamman masu shan maganin hawan jini ko na barci. A auna jininta tana kwance, a sake aunawa bayan ta miƙe. In lambar sama, wato babbar cikin lambobi biyun da awon hawan jini ke nunawa, ta ragu da 20 ko fiye, to ga bakin zaren. Ki tattara duk magungunanta a leda, har na kemis da na gargajiya, likita ya gani. A duba yanar ido, a duba tafin ƙafa in tana da suga. Kafin nan ta riƙa ɗan zama a bakin gado kafin ta miƙe, da tocila kusa, a kuma jefar da silifas ɗin da ya cinye.

Shawarar yayanku kuwa, kyakkyawar niyya ce amma ban goyi baya ba. Zama wuri ɗaya shi ke kashe ƙafa. Ta riƙa tashi da zama a kujera sau da yawa kullum, tana ɗan zagaya gida. In ta sake faɗuwa ta bugi kai, ko ta kasa taka ƙafa, a wuce asibiti a ɗauki hoto kafin a nemi mai ɗori.