Manhajata ta ƙi karɓar kalmar sirri, alhali daidai take

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gina manhajar yanar gizo da Java, na ɗora ta a kan Tomcat, sunayen masu shiga da kalmomin sirrinsu kuma suna cikin MySQL. A kwamfutata mai Windows komai lafiya lau. Da na mayar da ita kan uwar garke mai Linux, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin domin jama'a, duk wanda ya sa sunansa sai ta ce ba daidai ba ne. Har sau uku na canza kalmar sirrin, shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka bar canza kalmar nan haka, don da wuya laifinta ne. Kalmomin sirri biyu ne a wannan harka. Akwai wadda mai shiga yake rubutawa, akwai kuma wadda Tomcat kansa, manhajar da ke gudanar da shafinka, yake amfani da ita wajen shiga rumbun bayanai, wato MySQL. Idan Tomcat ya kasa kaiwa ga rumbun, ba ya gaya wa mai shiga cewa hanya ce ta toshe. Shafin nan na "ba daidai ba" yake nuna masa, sak irin wanda zai nuna wa wanda ya yi kuskuren harafi. Shi ya sa saƙon da ke kan allo ba shaida ba ne. Shaidar tana cikin fayilolin rahoto, a jakar logs ta Tomcat, musamman catalina.out da fayil ɗin localhost mai kwanan watan ranar. Buɗe su, ka gwada shiga sau ɗaya tak, sannan ka karanta layukan da suka ƙaru.

Tunda ka ce daga Windows ka koma Linux, zargina na farko yana kan sunan tebur. A Windows, MySQL ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunayen tebura, a Linux kuwa yana bambantawa. Idan tebur ɗinka Users ne amma a saitin Tomcat ka rubuta users, a kwamfutarka zai wuce salin-alin, a uwar garke kuma rumbun zai ce bai san wannan tebur ba. Lambar wannan kuskure 1146 ce. Na ga mutum ya kwana biyu yana haƙilo a kan harafi ɗaya irin wannan.

In kuwa lambar da ka gani 1045 ce, to an kai ƙofar rumbun amma an hana shiga. MySQL yana sanin asusu da suna da kuma inda ya fito, a haɗe. Asusun da aka buɗe domin localhost, wato na'urar da rumbun yake kanta, ba zai yi aiki ba idan manhajar tana wata na'ura daban, ko da sunan da kalmar sirrin iri ɗaya ne. Gwajin da ya fi raba gardama shi ne ka shiga uwar garken da Tomcat yake, ka buɗe MySQL da hannu da wannan asusun. Ya ƙi ka, to ba ruwan manhajarka. Idan rahoton ya ce layin sadarwa ne ya yanke, duba ko ƙofa ta 3306 a buɗe take, ka kuma duba bind-address, saitin da ke faɗa wa MySQL ta inda zai saurari masu zuwa, domin in an bar shi a 127.0.0.1 rumbun ba ya sauraron kowa daga waje.

Sai batun direba. Fayil ɗin Connector/J, wanda shi ne tafinta tsakanin Java da MySQL, ya kamata ya zauna a jakar lib ta Tomcat kansa idan a server.xml, babban fayil ɗin saitin Tomcat, ka bayyana hanyar rumbun. Mutane kan manta da shi, saboda manhajar da suke rubuta aikin a cikinta ita ke ɗauke musu wannan nauyi a kwamfutarsu. A siga ta 8 ta Connector/J sunan direban ya koma com.mysql.cj.jdbc.Driver. Ka kuma lura cewa tsofaffin darussan intanet suna koyar da JDBCRealm, tsohon tsarin da Tomcat ke duba sunayen masu shiga a rumbun da shi, wanda aka cire daga Tomcat 10. DataSourceRealm ake amfani da shi yanzu, kuma in a context.xml na manhajar ka bayyana rumbun, dole ka sa localDataSource ya zama true, in ba haka ba zai tafi nema a inda babu.

To, a ce rahoton fes yake, babu kuskure ko ɗaya. Nan ne abin ya fi cin rai. Ba a ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta, niƙa ta ake yi da lissafin da ba ya komawa baya, abin da masu sana'ar ke kira hash. In mutum ya zo shiga sai a niƙa abin da ya rubuta a kwatanta da na ajiye. Idan tebur ɗinka yana ɗauke da niƙan SHA-256 amma ba ka sa wa Tomcat CredentialHandler da ya dace ba, wato saitin da ke gaya masa irin niƙan da aka yi, zai riƙa kwatanta ɗanyar kalma da niƙaƙƙiya, kuma har abada ba za su zo ɗaya ba. Ƙirga haruffan da ke cikin tebur ɗin: MD5 yana ba da 32, SHA-256 yana ba da 64, bcrypt kuma 60. Ka ga 50 cif a kowane layi? Gurbin ne ya yi kaɗan, MySQL ya datse wutsiyar da ɗan gargaɗi kawai, bai ƙi karɓa ba, abin da yake yi idan an kashe tsauraran ƙa'idojinsa. Faɗaɗa gurbin zuwa 255, sannan ka sake saita kalmomin, don abin da aka datse ba ya dawowa.

Wani ɗan tarko kafin na bar ka. Saitin da Tomcat yake zuwa da shi yana da LockOutRealm, wanda ke kulle suna na daƙiƙa 300 bayan kuskure biyar. Idan saitinka yana cikinsa, kana iya gyara ainihin matsalar ka gwada ya ƙi, ka ɗauka gyaran bai yi ba ka warware shi. Jira minti biyar tukuna.

Tambaya: Malam, ni tawa tana karɓar suna da kalmar sirri, amma daga nan sai shafi ya fito da lamba 403. Ko rumbun bayanan ne ya lalace?

Amsa: Malama, rumbunki lafiyarsa ƙalau. Lamba 403 tana nufin an gane ki, amma ba ki da izinin wannan ɗaki. Tomcat yana duba tebur biyu, na sunaye da na matsayi. Ko dai babu layin wannan suna a tebur ɗin matsayi, ko kuma matsayin da ke ciki bai yi daidai da wanda aka rubuta a web.xml, fayil ɗin saitin manhajarki, ba. Admin da admin abu biyu ne a wurinsa. Ki kuma duba ko akwai fili a ƙarshen kalmar, wanda ido ba ya gani. Bayan gyara ki fita ki sake shiga, domin a lokacin shiga ake karanta matsayi.

Tambaya: Kullum da safe wanda ya fara shiga sai an ƙi shi. In na kashe Tomcat na kunna, sai ya yi ta aiki har dare. Me ke faruwa cikin dare?

Amsa: Babu abin da ke faruwa, kuma matsalar ke nan. Tomcat yana riƙe da wasu layuka a buɗe zuwa rumbun don kada ya riƙa buɗe sabo kowane lokaci. MySQL kuma yana yanke duk layin da ya yi daƙiƙa 28800, wato awa takwas, ba a taɓa shi ba. Sunan wannan saiti wait_timeout. Da safe sai Tomcat ya ɗauko mataccen layi ya miƙa wa mai sammako.

Wasu kan ƙara adadin daƙiƙun su huta. Ni ban yarda da wannan ba, ɗaga ranar ce kawai, ranar da aka yi dogon hutu za ta dawo. Ka sa testOnBorrow ya zama true, ka ba shi validationQuery mai cewa SELECT 1, ta yadda zai taɓa kowane layi ya ji ko da rai kafin ya bayar. Don ka tabbatar ba sai ka jira gobe ba, rage wait_timeout zuwa daƙiƙa 60 a na'urar gwaji, ka sake kunna Tomcat, ka shiga sau ɗaya, ka ba shi minti biyu, sannan ka sake gwadawa.