Hukuncin Musulmi Ɗan Ƙasar Filifin Ya Jefa Ƙuri'a A Zaɓen Ƙasarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aiki a wani asibiti a Riyad tare da wani abokina ɗan ƙasar Filifin wanda ya musulunta shekarun baya. Ya yi rajistar zaɓe a ofishin jakadancin ƙasarsu, amma wasu sun ce masa jefa ƙuri'a shirka ce, domin ƙasar ba ta hukunci da shari'ar Musulunci, kuma kusan duk 'yan takarar Kiristoci ne. Ya kuma ce a garinsu 'yan takara kan raba kuɗi a ambulan ana jajibirin zaɓe, har iyalinsa ana kai wa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, ka shaida wa abokinka cewa ya halatta ya jefa ƙuri'arsa, kuma a irin halin da Musulmin ƙasarsa suke ciki ina ganin jefawar ta fi bari.

Filifin ƙasa ce da mafi yawan mutanenta mabiya ɗariƙar Katolika ne, Musulmi kuwa a ƙidayar 2020 sun ɗan haura kashi 6 cikin 100, galibinsu a Mindanawo da tsibiran Sulu. Tsarin mulkin 1987 ya ba duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 damar zaɓe ba tare da tilas ba, kuma tun 2003 doka ta yarje wa mazauna ƙetare irin abokinka su zaɓi shugaban ƙasa da mataimakinsa da sanatoci da wakilan ƙungiyoyi a majalisar wakilai. Ko ya jefa ko bai jefa ba, wani zai hau kujerar shugaban ƙasa ya yi shekara 6, kuma dokokin da majalisa za ta kafa za su hau kansa da iyalinsa. Saboda haka ba tsakanin shari'a da wani abu daban aka ce ya zaɓa ba, zaɓinsa yana tsakanin mutanen da dole ɗayansu ya yi mulki, ga kuma ƙa'idar malamai sananniya cewa idan ɓarna biyu suka haɗu ana ɗaukar ƙarama don a tunkuɗe babba.

Masu cewa shirka ce suna kafa hujja da aya ta 44 a Suratul Ma'ida game da wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba, da aya ta 51 mai hana jiɓintar Yahudu da Nasara. Ayoyin gaskiya ne, amma an ɗora su a inda ba muhallinsu ba. Wanda ya zaɓi ɗan takara don ya rage zalunci a kan al'ummarsa bai ƙudurta cewa dokar mutum ta fi ta Allah ba, bai kuma yarda da addinin ɗan takarar ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar ƙarƙashin sarkin da ba ya kan addininsa, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta surarsa. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha kuwa, Ummu Salama ta ruwaito cewa da wani ya tayar wa Najjashi da tawaye sai suka dinga roƙa masa nasara, har Zubairu bn Awwam ya hura salka ya haye kogi a kanta don ya gano musu yadda yaƙin zai ƙare, saboda sun san amincinsu yana tare da adalcin wannan sarki. A zamaninmu ma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, a zamanta na 19 a Makka cikin 2007, ta yanke cewa ya halatta Musulmi ya shiga zaɓe a ƙasar da ba ta Musulunci ba idan maslaha ta rinjaya.

Maslahar kuwa a Filifin ana ganinta da ido. Majalisar ƙasar ce ta mai da ƙaramar Salla ranar hutu ta ƙasa a 2002, babbar Salla kuma a 2009. Ita ce ta zartar da dokar da Shugaba Rodrigo Duterte ya sa wa hannu a 2018, wadda bayan ƙuri'ar raba gardama ta farkon 2019 ta haifar da yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa, bayan gomman shekaru ana zub da jini. Kotunan shari'a masu sauraron aure da saki da gādo, waɗanda dokar 1977 ta kafa, ƙarfinsu da kasafinsu suna hannun zaɓaɓɓu. Al'ummar da take 'yar tsiraru, in ta ƙaurace wa akwati, ta koya wa 'yan siyasa cewa ba su da asarar komai idan sun take ta.

Sai dai halaccin yana da sharaɗi, domin ƙuri'a shaida ce. Mai jefa ta yana cewa ne wannan mutum ya fi sauran cancanta, Allah kuwa ya hana shaidar zur a Suratul Hajji, ya kuma hana ɓoye shaida a ƙarshen Baƙara. Ma'aunin shi ne na aya ta 26 a Suratul Ƙasas: ƙarfi da amana. Musulmi amintacce mai iyawa shi ne kan gaba, amma suna kaɗai ba ya wadatarwa. Kisan kiyashin lardin Magindanawo da ke Mindanawo na 23 ga Nuwamban 2009, inda aka kashe mutum 58 cikinsu har da 'yan jarida 32 a kan hanyar kai takardun takarar gwamna, tsakanin gidajen siyasa biyu na Musulmi ya auku. Kirista mai adalci wanda ba ya cutar da Musulmi ya fi Musulmi azzalumi dacewa da ƙuri'ar abokinka.

Akwai wani sauƙi a tsarin zaɓensu da ya kamata ya sani. A kowane zaɓe ana cike kujerun sanatoci 12 daga cikin 24, mai zaɓe yana cike ɗan da'irar da ke gefen sunan wanda yake so. Idan ya zarce 12 ƙuri'arsa ta wannan gurbi ta lalace, amma idan ya tsaya a huɗu ko biyar za a ƙirga masa su. To kada ya cike sunayen da bai sani ba don kawai ya kai adadi, ko don fuskar mutum ta saba fitowa a talabijin. Ya shaidi wanda ya bincika, ya bar saura. Haka nan shugaba da mataimaki daban-daban ake zaɓensu, ba dole su fito daga jam'iyya ɗaya ba. Tawadar da ake ɗiga wa masu zaɓe a farce a can ƙasarsu kuwa, in ta bushe ta zama launi kawai kamar lalle, ba ta hana alwala.

Kuɗin ambulan haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Rashawa ce a kan shaida, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Dokar zaɓen ƙasar ta 1985 ma ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 6 a kai. Dabarar nan ta "karɓi kuɗin ka zaɓi son ranka" ban yarda da ita ba, domin ta haɗa rashawa da yaudara. Wanda ya ji tsoron cutarwa idan ya ƙi karɓa a bainar jama'a, ya karɓa don kare kansa, ya ba da su ga matalauta ba da niyyar sadaka ba, ya zaɓi wanda ya cancanta. Iyalinsa da ba su musulunta ba ya yi musu nasiha da tausasawa.

Idan ya bincika bai ga wanda ya fi wani ba, babu laifi ya bari, sai dai ya lura cewa wanda ya tsallake zaɓe biyu a jere ana dakatar da rajistarsa, sai ya nemi a farfaɗo da ita kafin babban zaɓen Mayun 2028. Allah ne Mafi sani.