Amsoshin tambayoyinku: wane fim ya cancanci datarka, kuma wanne ne bai dace da yara ba?

Wani ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya rubuto cewa: "Tun da na kalli Avengers: Endgame na daina bin fina-finan Marvel. Yanzu na samu hutu, amma datar da zan iya saya ba ta da yawa. In koma musu ne, ko akwai abin da ya fi su?"

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ka tsaya a wurin ba. Endgame ya fito a 2019, shi ne fim na 22 a jerin da aka fara da Iron Man a 2008, kuma ya kammala labarin da aka shafe shekara 11 ana ginawa. Abin da ya biyo baya ya watsu tsakanin fina-finai da shirye-shirye masu dogon zango, ta yadda sau da yawa sai mutum ya kalli uku kafin ya gane na huɗu. Mai ƙaramar data bai kamata ya shiga wannan ɗawainiya ba. Idan kewar jaruman ce ta dame ka, Black Panther: Wakanda Forever na 2022 ya isa, domin makokin da ke cikinsa na gaskiya ne: Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Black Panther, ya rasu a 2020, kuma an ƙi ɗora wani a gurbinsa.

Amma shawarata ita ce ka kashe datarka a kan Dune, kashi na farko na 2021 da na biyu na 2024, waɗanda Denis Villeneuve ya ba da umarni. Labari ne na wata duniya da babu komai a cikinta sai rairayi, inda manyan gidajen sarauta suke kashe juna saboda wani sinadari da ake kwasowa daga hamada, su kuwa 'yan ƙasa, waɗanda ake kira Fremen, ɗigon ruwa ya fi musu zinariya daraja, har ruwan jikin mamacinsu suke tattarawa su adana. An ɗauki yawancin wuraren hamadar a Jodan da Abu Dabi, shi ya sa zafin yake kama da na gaske, kuma duk wanda ya taɓa ratsa Sakkwato da tsakar rana a watan Afrilu ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da mutanen nan suke ji.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa maka tun da wuri. Frank Herbert, wanda ya wallafa littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa a 1965, ya ari kalmomin Larabci da yawa, saboda haka za ka ji ana kiran jarumin da Mahdi da Lisan al-Gaib. Wasu sun ji haushin wannan aro, kuma na fahimce su, domin kalmar Mahdi tana da nauyi a wurinmu. Sai dai wanda ya bi labarin da natsuwa zai ga cewa wata ƙungiya ce ta shuka wannan annabcin a zukatan mutanen tun da daɗewa domin ta riƙa juya su, kuma nasarar jarumin a ƙarshe ita ce mafarin yaƙin da zai ci rayuka marasa adadi. Fim ne da yake jan kunne game da yadda masu neman mulki suke hawa kan imanin talakawa, abin da ba kasafai fim mai tsada irin wannan yake da ƙarfin halin faɗa ba. Kashi biyun sun haura awa biyar. A ƙiyasin Netflix, kallon awa ɗaya a matsakaicin haske yana cin kusan giga 1, mai tsabta sosai kuma yana iya kaiwa giga 3, don haka a waya ka zaɓi matsakaici, idonka ba zai ga bambanci mai yawa ba.

Wata uwa daga Mabera ta ce: "Yarana biyu, ɗan shekara 8 da ɗan shekara 11, sukan kai filash a tura musu fina-finai. Rannan na ga suna kallon wani mai jajayen kaya, na ɗauka Spider-Man ne, sai na ji ashar na tashi. Me zan saya musu?"

Hajiya, bisa kwatancenki Deadpool ne, kuma kin yi daidai da kika damu. Deadpool & Wolverine na 2024 yana ɗauke da alamar R, wadda a tsarin Amurka take nufin ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallonsa sai da babba. Zagi da zubar da jini da maganganun batsa su ne ginshiƙinsa. Kuskuren da iyaye da yawa suke yi shi ne ɗaukar duk mai rufe fuska da riga mai launi a matsayin na yara. Ki riƙa duba alamar: G da PG su ne masu sauƙi, PG-13 yana bukatar lura, R kuwa ba nasu ba ne ko kaɗan. Ko Black Panther na 2018 PG-13 ne, kuma kusa da farkonsa akwai wurin da aka nuna 'yan bindiga ɗauke da matan da suka sace a dajin Sambisa, abin da zai iya tayar wa ƙaramin yaronki hankali.

Ki sa a tura musu Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018 da The Wild Robot na 2024, dukkansu zane ne masu alamar PG, kuma na biyun labarin wata na'ura ce da ta raini ɗan tsuntsu maraya a wani tsibiri. Duk da haka ki tuna cewa da ma'aunin tarbiyyar Amurka aka yi waɗannan alamomi, abin da suke gani ba komai ba a sutura ko mu'amalar saurayi da budurwa yana iya zama babba a gidanki. Ki fara kallo da kanki, sannan ki rubuta sunayen a takarda ki ba mai turawa, domin idan aka ce masa ya cika filash, da abin da matasa suka fi nema zai cika shi.

Wani ma'aikaci daga Arkilla ya tambaya: "Ina son fina-finan ban tsoro da na faɗa. Kuɗina zai sayi talabijin mai inci 55 kaɗai, ko mai inci 43 tare da sifika. Da sola nake amfani. Wanne zan ɗauka?"

Malam, ɗauki mai inci 43 da sifika, irin doguwar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin. Talabijin na zamani sun yi sirara, babu wurin da za a sa sifika mai kauri a jikinsu, alhali rabin tsoron fim a kunne yake. A Quiet Place na 2018 misali ne: halittun da ke cikinsa da sauti suke farauta, iyalin da ake bi kuwa da yaren kurame suke magana, saboda haka ƙarar taku ɗaya a kan katako ita ce take tsinka zuciya. Haka Sinners na 2025, wanda Ryan Coogler ya shirya a kan baƙaƙen fatar Misisipi a 1932, inda masu shan jini suka kewaye wani gidan rawa cikin dare ɗaya. Kiɗa ne ƙashin bayansa, kuma Wunmi Mosaku, wadda aka haifa a Zariya, ta taka rawar da ta fi zauna mini a rai. Na fifita shi nesa ba kusa ba a kan fina-finan da ba su da wata dabara sai razana mai kallo da ƙara kwatsam. Amma na manya ne zalla, akwai jini da tsafi da wuraren da ba a kallo tare da yara.

Ƙaramin talabijin ya fi sauƙi ga batirinka, musamman a lokacin bazara da fanka ba ta hutawa. Kada kuma rubutun 4K, alamar allo mai tsabtar hoto sosai, ya ruɗe ka idan fina-finan da kake samu ƙanana ne da aka matse domin waya, faɗin allo aibinsu kawai zai ƙara tonawa. Ka ware kuɗin sitabilaiza idan za ka haɗa da wutar gari, ka tanadi ƙyallen rufe shi saboda ƙurar hunturu, kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin garanti. Ranar da za ka je kasuwa, ka tafi da filash ɗinka mai ɗauke da fim mai duhu, ka sa a kunna maka wurin da dare ya yi. Idan baƙin ya koma toka-toka, ko ka ga haske yana ɓullowa daga kusurwoyin allon, ka ce a kawo maka wani.