Kore, ja da fari: filastid ɗaya ne yake sauya aiki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce littafin bayoloji ya kawo muku filastid, wato wasu ƙananan sassa da ke cikin ƙwayar halittar shuka, iri uku, kin haddace don NECO amma kullum kina rikita su, kuma ba ki ga abin da ya haɗa su da gansakuka ba. Ni malamin gona ne a yankin Argungu, ina kuma taɓa noman shinkafa a fadama, don haka da idon gona zan amsa miki.

Abin da ke rikita ɗalibai shi ne yadda ake jero su kamar baƙin juna. Alhali asalinsu ɗaya. A bakin tsiro da bakin saiwa, inda sababbin ƙwayoyin halitta ke fitowa, akwai ƙananan filastid da ba su riga sun zama komai ba. Wanda ya faɗa ganye ya sha rana sai ya zama kuloroflas, mai koren sinadarin nan kulorofil, shi ke haɗa sukari daga ruwa da iskar kabon da hasken rana. Wanda ya faɗa ɗan itace ko fure sai ya zama kuromoflas mai ja da rawaya. Wanda ya tsinci kansa a duhu, cikin saiwa ko ƙwayar hatsi, sai ya zauna ba launi, shi ne lukoflas, aikinsa ajiya. Kamar 'ya'yan gida ɗaya ne, kowa da sana'ar da ya tarar a inda aka kai shi, kuma in hali ya sauya yana iya sauya sana'a.

Wannan sauyawar ce nake so ki riƙe, don da ita ido ke gani. Lokacin rani, idan mun watsa irin shinkafa a wurin reno, mukan rufe da ciyawa don danshi da tsuntsaye. In aka makara wajen yaye ciyawar, za ki tarar da tsiron ya yi tsawo siriri, fari-fari mai rawaya, kamar ba zai rayu ba. Na sha ganin manomi ya ɗaga hankali ya tafi neman yuriya, yana cewa ƙasar ce ta gaji. Babu ruwan ƙasa. Filastid ɗin na nan a ganyen, haske kawai yake jira ya kammala haɗa kulorofil. A yaye da yamma kada rana ta ƙona shi, bayan kwana biyu sai ki ga wurin ya yi shar.

Amma akwai rawayar da taki ke magani, kuma ita ma daga nan take. Naitirojin na cikin ginin kulorofil, kuma mafi yawan naitirojin ɗin da ke ganye a cikin kuloroflas yake. Idan ya yi ƙaranci, shuka kan kwashe na tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, shi ya sa rawayar ke farawa daga ƙasa. Nan ne yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari, ke aiki. In kuwa sabon ganyen sama ne ya fara fari alhali na ƙasa kore ne, a fi zargin ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko buhu nawa aka zuba na yuriya asarar kuɗi ce.

Tumatir kuma a kwandonku na gida za ki gani. Ɗanye kore ne don kuloroflas ke ciki. Yana nuna sai kulorofil ya rushe, filastid ɗin nan dai ya cika da jan sinadari laikofin, ya koma kuromoflas. Haka filastid ɗin tattasai da attaruhu ke komawa kuromoflas. Dankalin turawa shi baya yake komawa: in aka bar shi a haske, masu ajiyar sitacin da ke ƙarƙashin ɓawo sai su zama kore. Koren kansa ba guba ba ne, sai dai a irin wannan yanayin dankalin kan tara wani sinadari mai ɗaci, solanin, da ke ɓata ciki. Ki fere wurin da zurfi, in ya yi yawa ki zubar.

Lukoflas masu ajiyar sitaci su ake kira amiloflas, kuma a ganina su ne aka fi yi wa rashin adalci a aji, don layi ɗaya ake ba su. Tuwon shinkafar da kika ci jiya, da rogo, da gero, duk sitacin da suka tara ne. Ki ɗiga aidin a kan yankakken rogo, wurin zai koma shuɗi mai duhu. Kuma su ne a bakin saiwa suke zama ƙasa saboda nauyinsu, da haka saiwa ke gane inda za ta nufa ko da an shuka irin a kife.

Sai gansakuka. Wannan koren zaren mai santsi da ke bin kwamin shinkafa da gefen gulbi, sau da yawa Spirogyra ce da ke littafinku. Ki ɗebo a kwalba ki kai ɗakin gwaji. A madubin ƙara girma za ki ga kuloroflas ɗinta kamar kirtani a murɗe daga wannan ƙarshen ƙwayar zuwa wancan, ba ƙananan ƙwallaye masu yawa irin na ganyen shuka ba. Sai ki kula da tarko ɗaya: gansakukar da ake kira mai shuɗi-kore bakteriya ce, ba ta da filastid. Ita ce ma kakarsa. Fiye da shekara biliyan 1 da suka wuce wata ƙwayar halitta ta haɗiye irin wannan bakteriyar ba ta narkar da ita ba, suka zauna tare. Wani ɗan Rasha, Mereschkowsky, ya kawo batun a 1905, Lynn Margulis ta Amurka ta farfaɗo da shi a 1967. Hujjar kuwa, har yau filastid yana da DNA nasa, kuma rabuwa biyu yake yi don ya yawaita. Hatta ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana ɗauke da ragowar filastid da ya daina aikin rana.

A jarabawa sun cika tambayar wa ke da shi, wa ba ya da shi. Dabba ba ta da shi, laimar kwaɗi ma haka duk da a ƙasa take tsirowa. Kuma in aka ba ki fatar cikin albasa, irin tamu ta Aliero, aka ce ki zana, kada ki sa kuloroflas a zanen, don a duhu ta girma. Allah ya ba da sa'a.