Shekarar da aka hau wata

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kuna so ku yi wa babanku bikin zagayowar ranar haihuwa, har da kek da kyandir, amma takardunsa duk 1 ga Janairu suka nuna, ni kuma in aka tambaye ni sai in ce an haife shi shekarar da aka hau wata. Kina son jin dalilin da ya sa mutanen zamanin da ba sa rubuta rana, sai dai su jingina haihuwar yaro da wani abu da ya faru. Da na hango ƙanina da furfurarsa yana hura kyandir sai da na murmusa. Amma daga baya abin ya tsaya mini a rai, don na ga kamar kun ɗauki lissafinmu a matsayin jahilci.

Kakarmu, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ba mai gardama da ita kan wane ya girmi wane. Ta kan ce ita ta yi wayo a Kakalaba, yunwar 1914. Cewarta kullum: shekara ba ta da fuska sai an sa mata suna. Haka muka taso muna ji, wane shekarar zuwan Sarauniya, wato 1956, wance shekarar canjin hannun tuƙi, 1972, wancan kuma da aka fito da naira a 1973.

To 1969 kuwa, ina saurayi, ina koyon ɗinki. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, yaƙin basasa yana cikin shekara ta uku. Yayanmu yana bakin daga, wasiƙarsa sai a yi wata da watanni ba a gani ba, saboda haka kowane dare muna zauren wani malamin firamare, shi kaɗai ke da rediyo mai kama ƙasashen waje a unguwarmu. Labarin Gowon da Ojukwu muke zuwa ji. Tun ranar Laraba, 16 ga Yuli, malam yake ce mana Amurka ta harba mutum uku sama a kumbon Apollo 11, ba wanda ya kula shi sosai. Daren Lahadi 20 ga wata kuwa zauren bai ɗauke mu ba, har a ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi. Rediyon na ƙugi da Turanci, malam ya manna kunnensa yana fassara mana guntu-guntu. Bayan isha'i, tara ta ɗan gota, sai ya miƙe tsaye ya ce, "Jama'a, sun sauka!" Kowa ya ɗaga kai. Jumada Ula ce ba ta yi mako ba, watan bai kai rabi ba, ga shi can yamma yana shirin faɗuwa. Wani dattijo mai sayar da goro ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "A ina za su tsaya a wannan ɗan sirit ɗin?" Da gaske yake tambaya, kuma ba wanda ya iya ba shi amsa.

Nan fa gardama ta kaure. Masu cewa ƙaryar Nasara ce sun fi yawa, wasu ma suna cewa wanda ya yarda ya sake shahada. Limamin unguwa bai sa baki ba sai da aka matsa masa. Ya ce wata bawan Allah ne kamar kowa, halitta ce, kuma in Allah ya ba bawansa ikon taka wata halitta, ikon na Allah ne. Ya ce kada mu rantse a kan abin da ba mu gani ba, ko ta wane ɓangare. Mutane suka watse, mu samari muka ƙi tafiya. Gab da asuba Neil Armstrong ya sa ƙafarsa, Aldrin ya biyo shi, na ukunsu Collins yana can yana kewaya watan shi kaɗai. Ni wannan na ukun na fi tausayawa, har yau. Ranar Alhamis suka faɗo teku lafiya da duwatsun da suka kwaso.

A wannan tsakanin aka haifi babanki. A zauren suna, bayan an raba goro an shafa fatiha, hirar wata aka koma yi.

Amma ki sani, ni kaɗai ke kiran shekarar haka. A wajen Inna, shekarar da ɗanta yake yaƙi ce, ba ta san wani Apollo ba, kunnenta yana ga Rediyo Kaduna, inda su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ke ɗebe mata kewa, har aka gama yaƙin a Janairun 1970. Kawunmu da ya tafi Makka ta ƙasa ya zauna Sudan, shi shekarar Numeiri yake ce mata, don a watan Mayu Numeiri ya karɓi mulkin ƙasar. Malaman zaure kuwa shekarar gobarar Masallacin Ƙudus suka riƙe, 21 ga Agusta, da wani mutumin Ostireliya ya cinna wuta har mumbarin Salahuddini ya ƙone, shugabannin Musulmi suka taru a Rabat a kan haka. A Satumba kuma Gaddafi, yana ɗan shekara 27, ya kawar da Sarki Idris a Libiya. Daga baya na ji cewa a daidai makon da muke kallon wata, mawaƙan Afirka sun cika Aljiyas, har da Miriam Makeba, kuma a Agusta samarin Amurka kusan 400,000 sun kwana a gona suna sauraron kiɗa a Woodstock. Da azumi ya zo a Nuwamba, mun hau tudu neman jinjirin wata yadda muka saba, ba a yi kwana goma ba wasu biyu suka sake sauka a kansa.

Kin ga in na ce shekarar da aka hau wata, duk wannan nake miƙo miki: wa ke gida, wa ba ya nan, me ake tsoro. Takardar 1 ga Janairu wani akawu ne ya cike ta. Abin da ke damuna da ku shi ne komai kun ajiye a waya, ranar kowa tana ciki, amma in na tambaye ki wace ce ta yi wa babanki wankan jego da uwarsa, ba za ki sani ba. Babanmu ya kan ce zumunci a ƙafa yake, ku kuwa kun mai da shi a yatsa.

Maganar kek, wannan tsakaninku da babanku da malamanku. Ainihin ranar kuwa Goggo ce ta riƙe, don ita ta kwana da mai jego, kuma ba ta amsa irin wannan a waya. Ki shirya ki zo ranar Juma'a, ki taho mata da turare, ni zan raka ki.