Amsar tambayarka kan 'yan sa-kai a gidan tarihi

Ƙanena ka ce kun fitar da sanarwa kuna neman 'yan sa-kai masu zagayawa da baƙi amma duk wadda ta zo tsohuwar Baturiya ce 'yar fansho, baƙar fata ko ɗaya babu, wai ya za ku yi. To kafin ka ce ba sa so, ɗauko takardar sharuɗan naku ka duba. Tirenin ranar aiki ƙarfe goma na safe, wata da watanni, ba ko sisi, kuma bas ba ta kaiwa wajen sai mai mota. Wa ke da wannan sukunin a Amurka in ba wanda ya yi ritaya da rufin asirinsa ba? Matar da ke aiki biyu don ta biya haya ai ba za ta iya ba, duk son da take wa tarihi.

A 2021 gidan tarihin zane-zane na Art Institute da ke Chicago sun sallami 'yan sa-kansu masu zagayawa da baƙi kaf, galibi dattijai mata farare, suka ce za su ɗauki waɗanda za a rinƙa biya dala 25 a awa. Biyan daidai ne wallahi, amma korar ban goyi baya ba, mutanen da suka sha tirenin wata 18 ka watsar da su da imel guda, sai hayaniya ta danne alherin. Kai kar ka kori kowa. Ƙara lokacin Asabar, rage tirenin, ba da kuɗin mota da ɗan alawus, ka cire maganar digiri daga fom. Kuma Facebook kaɗai ba zai kawo su ba, taka ka je cocin baƙar fata da masallaci da shagon aski ka gaisa da dattawa.

Mai wuyar ita ce labarin da kuke bayarwa. Williamsburg, wani tsohon gari a jihar Virginia, kusan rabin mutanenta baƙar fata ne lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, yawancinsu bayi, amma sai 1979 gidan tarihin garin ya ɗauki baƙar fata su fara ba da labarinsu. In ku ma kuna daɗewa kan kujeru da tangaran na maigida sannan ku wuce ɗakin da bayi suka zauna a gurguje, wa zai zo ya maimaita wannan kyauta? Gyara rubutun tare da su tukuna. In kuma kun samu mutum ɗaya kar ku jibga masa duk tambayoyin bauta, kowane jagora ya koya, ranar da baƙo ya gaya masa baƙar magana kuwa kai ne za ka fito ka tsaya masa.