Me ke ɗinke tantanin ƙwayar halitta idan ya yage?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a sashen nazarin halittu. An koya mana cewa tantanin da ke lulluɓe ƙwayar halitta yakan yage, musamman a tsoka lokacin aiki mai ƙarfi, amma ƙwayar ba ta mutuwa. Malaminmu ya ambaci wasu furotin da ke manne wa tantani idan akwai kalsiyam. Yaya suke, kuma mene ne aikinsu?

Amsa: 'Yar uwa, waɗannan furotin su ake kira aneksin. Kafin ki fahimce su, ki riƙe abu guda: kalsiyam ɗin da ke wajen ƙwayar halitta ya ninka na cikinta kusan sau 10,000. Da zarar tantani ya huje, sai kalsiyam ya kwararo ciki, kuma wannan kwararar ita ce ƙararrawa. Aneksin da ke yawo a ruwan ƙwayar sai su kama kalsiyam, su ruga bakin ramin su manne.

A jikin mutum akwai iri 12, daga A1 zuwa A11, sai A13. Na farko da aka gano shi ne wanda yanzu ake kira A7, a binciken Carl Creutz na 1978. A 1990 kuma Robert Huber da abokan aikinsa a Jamus suka fito da siffar A5.

Siffar ita ce sirrin aikin. Gangar jikin aneksin sassa huɗu ne masu kama da juna, kowanne da amino asid (tubalan ginin furotin) kusan 70 da suka naɗe zuwa murɗe-murɗe biyar. A6 ne kaɗai ke da sassa takwas. Idan suka haɗu sai su ba da ɗan faifai mai lanƙwasa. A gefen da ya yi tozo ne kalsiyam ke zama. Fuskar tantani ta ciki cike take da wani kitse, fosfatidilserin, mai cajin lantarki negatif (-), shi kuwa kalsiyam cajinsa fozitif (+) ne, don haka yake zama gada: hannu ɗaya a furotin, ɗaya a kitsen. Kalsiyam na raguwa, gadar ta karye, furotin ya saki. A ɗaya gefen faifan akwai wutsiya wadda ta bambanta daga aneksin zuwa aneksin, ita ke sa kowanne ya san abokan hulɗarsa.

Wajen gyara, A5 kan haɗu uku-uku su shimfiɗa raga a bakin yagewar don kada ta faɗaɗa, A4 da A6 kuma su lanƙwasa gefunan su matse su.

Amma aikinsu ya wuce ɗinki. A1 na cikin hanyoyin da magungunan sitiroid irin su kotizon ke kwantar da kumburi. A5 kuma yana rufe fuskar mabiyiya don kada jinin uwa ya daskare a kanta. Akwai cutar da garkuwar jiki ke farfasa wannan rufin, kuma tana cikin dalilan yawan ɓari. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne amfanin A5 a ɗakin gwaji. Ƙwayar da ta kama hanyar mutuwa takan juyo da fosfatidilserin waje, sai a shafa wa A5 rini mai ƙyalli a zuba, duk wadda ta haska an san kwananta ya ƙare. Idan kin yi gwajin nan wata rana, ki tabbata akwai kalsiyam a ruwan, in ba haka ba babu abin da zai manne.

Kada ki rikita su da kalmodulin, wanda shi ma yana kama kalsiyam amma wasu furotin yake kunnawa. Akwai kuma wani dangin daban mai manne wa tantani, irin su sinaptotagmin da ke sa jijiya ta saki saƙonta, da disfalin, wanda rashinsa ke kawo wani nau'in lalacewar tsoka da ake gado, saboda yagewar ba ta rufuwa yadda ya kamata.